Ranar da Goggo Ta Ce Na Koɗe

A gidanmu na Bodinga kaya ne ke koɗewa. Rigar makaranta takan koɗe a kafaɗa tun kafin ta tsufa, labulen ƙofar Inna ya koɗe ta gefen da hantsi ke duka, hular Baba ta koɗe har aikin da ke jikinta ya ɓace amma ya ƙi rabuwa da ita. Ba a cewa abu ya koɗe sai in da can yana da launi, launin ya tafi ya bar shi. Idan kuwa aka ɗora kalmar a kan mutum, to zagi ne ko tausayi, kuma ni ban ga wanda ya fi wani daɗi a cikinsu ba. "Wance ta koɗe ta jeme," haka mata ke faɗa ƙasa-ƙasa a gidan biki, ma'ana mijinta ba ya riƙonta da kyau, ko kuma ba kullum tukunyar gidan ke hawa wuta ba. Da wannan fahimtar na tafi gidan miji, kuma saura ƙiris ta kai ni kabari.

Horo Birni aka kai ni, can ƙasar Shagari. Maigidana manomi ne, gero da dawa da damina, albasa da rani, ni kuma na samu aka mayar da aikina na koyarwa makarantar firamare ta kusa da mu. Gidan babba ne, ga iyayensa, ga ƙannensa biyu da matansu. A can ƙarshen gidan, bayan rumbuna, akwai wani sashe da hayaƙi ba ya yankewa. Nan ƙanwar mahaifinsa take zaune ita kaɗai, kowa Goggo yake ce mata.

Goggo rini take yi. Ba irin na marina masu rami ba, nata na tukunya ne: rabin ganga biyu a kan murhu, da ƙullin garin rini kala-kala da ake sayo mata daga kasuwa, da igiyoyin shanya da suka ratsa tsakar sashenta. Mata daga ƙauyukan kewaye sukan kawo mata tsofaffin zannuwa da rigunan mazajensu ta mayar musu da su masu shiga taro. Hannayenta daga yatsu zuwa wuyan hannu sun rine, ba baƙi ba, ba shuɗi ba, kuma babu sabulun da ya taɓa cin nasara a kansu. Ba ta da yawan magana, amma idan ta yi, sai ka gwammace da ta yi shiru.

Satina guda a gidan muka ɓata, ko da yake ita ba ta ma san mun ɓata ba. Mata sun shigo ganin ɗaki, na fito da zannuwan da iyayena suka haɗo ni da su, ana ta sa albarka. Goggo ta shigo, ta tsoma yatsa a kofin ruwa, ta jiƙa bakin kowace atamfa ta murza a gefen farin mayafinta, ta duba.

"Wagga zuba za ta yi, wanki guda," in ji ta. Ta ajiye, ta ɗauki wata. "Wagga ba ta zuba, amma rana na cinye ta. Wagga ɗai ta ta ƙwarai."

Atamfa biyar, guda ɗaya ta ci jarrabawa. Na yi murmushi irin na amare, amma a zuciyata na ce wannan tsohuwa Allah ya raba ni da bakinta. Abin haushin, duk yadda ta faɗa haka aka yi. Ta farkon ta rina min ruwan wanki jawur, ta biyun ba ta kai Sallah ba ta fara fita hayyacinta.

Duk da haka nakan leƙa sashenta, domin hanyar rijiya ta nan ta bi, kuma aikin nata yana da daɗin kallo. A wurinta na fara gane cewa zuba daban, koɗewa daban. Zuba a gabanka take faruwa, kana gani ruwa ya canja. Koɗewa kuwa a hankali take cin zane, yau kaɗan gobe kaɗan, har mai zanen ya zama shi ne na ƙarshen sani, saboda kullum yana tare da abinsa. Idan aka kawo mata tsohon zane aka ce a mayar da shi yadda yake da, ba ta tambayar mai shi wane launi ne. Reza take ɗauka ta farke kalmasar bakin zanen, ta buɗe ninkin da rana ba ta taɓa gani ba, ta shimfiɗa shi kusa da tsakiyar zanen. Sau da yawa mai zanen kan riƙe baki, ta ce ashe haka yake da.

Ni baƙa ce. Ba wankan tarwaɗa ba, baƙa sosai, irin ta gidan su Baba. Ƙannena mata biyu sun ɗauko hasken Inna, ni aka bar ni da baƙin Baba, kuma tun ina ƙarama ba irin tsokanar da ban sha ba. Na girma ina cewa ban damu ba, har ina yi wa masu shafe-shafen mai wa'azi a ɗakin malamai. Ƙarya nake yi. Na damu, kawai dai girman kai ya hana ni sayen man.

Da na samu cikin fari, watannin farko na sha laulayi kamar kowa. Na je awo sau biyu, aka ba ni wasu jajayen ƙwayoyi aka ce in riƙa sha kullum. Suna tayar min da zuciya, suna kuma ɗaure min ciki, sai na zuba su a gwangwani na tura ƙarƙashin gado. Ni da nake koya wa yara tsafta da kiwon lafiya a aji. Awon ma na daina zuwa, na ce ai in na tafi goyon ciki gidanmu, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari, sai in ci gaba a can.

Wajen wata na biyar sai wani abin al'ajabi ya fara faruwa: na fara haske. Fuskata ta cika, kumatu suka fito, fatar ta washe. Matan ƙannen maigidana suka fara zargin ko a ɓoye nake shafa wani abu, na rantse musu, har na buɗe musu kwandon kayan shafata suka bincika. Surukata ta ce ba mai ba ne, ciki ne ya karɓe ni, akwai matan da haka Allah ke yi musu, kuma alamar ɗiya mace ce, don mace ita ke ara wa uwa kyau. Na ɗauki hoto a waya na tura wa ƙannena a Bodinga. Suka dawo min da saƙo cike da shewa, suka ce Inna ta gani ta ce ma sha Allah, a gaishe da mijin da ya iya kiwo. Maigidana kuwa sai wani fankama yake, kamar shi ya yi aikin da hannunsa.

Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin daɗin kallon madubi kamar a watannin nan ba. Na ƙara yawan kwalli don ya fito a kan sabuwar fuskar. Lalle kuwa ba ya barin hannuna da ƙafata, wani bai gama fita ba na ɗora wani, har farce.

Akwai wasu abubuwan kuma da ban ɗauki hotonsu ba. In na ja guga biyu a rijiya sai na zauna ina haki. In na miƙe daga tsugune sai duniya ta juya. Ina jin bugun zuciyata a cikin kunne kamar ana daka a maƙwabta. A aji na koma koyarwa a zaune. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ga wani kwaɗayin farar ƙasa da ya kama ni, ina ɓoye ta a bakin zane ina gutsira. Duk wadda na gaya wa sai ta ce ai ciki ke nan, mu ma haka muka yi. Kuma wa zai kalli macen da ta yi ƙiba ta yi fari ya ce ba ta da lafiya?

Goggo ba ta gan ni sosai a lokacin ba. Na daina zuwa rijiya, ita kuma ta yi wata guda da wani abu a Dingyaɗi wurin jinyar wata 'yar'uwarta. Ta dawo ina cikin wata na bakwai, ana saura sati biyu a kai ni gida.

Ranar da hantsi ne, ruwan farko bai daɗe da sauka ba. Muna zaune mu mata a inuwar rumfar albasa muna tsince wadda ta fara ruɓewa, domin washegari maigidana zai kai buhuna kasuwa. Har da maƙwabta uku da suka shigo taya mu. Ni dai sunan aiki nake, albasa ɗaya sai in juya ta sau biyar. Sai ga Goggo da ƙullin zane a hannu. Al'adarta ce duk macen da za ta yi haihuwar fari a gidan, ita ke rina mata zanen goyo, nawa ta kawo.

Matar ƙanen maigidana, babbar, ta tare ta da murna. "Goggo, ku diba amaryarmu. Kun tahi kun bar ta baƙa, ga ta ta koma awa balarabiya."

Aka yi dariya, ni ma na yi, ina sunne kai. Goggo ba ta yi ba. Ta ajiye ƙullin, ta tsaya a kaina tana kallo, irin kallon da take yi wa zanen da aka kawo mata.

"Taso nan, 'yar birni. Hito cikin rana."

Na tashi da ƙyar na fito. Ta kama hannuna ta juya tafin, lalle ya rufe. Ta duba farce, lalle ya rufe. Ta yi tsaki. Sai ta sa babban yatsanta mai rini ta ja fatar idona ta ƙasa, ta daɗe tana kallo. Ta ce in fito da harshe, ta ɗaga leɓena ta dubi dasashi. Sannan ta sake ni, ta juya wurin surukata.

"Wanga ba hwari na ba. Yarinyar ga koɗewa tay yi."

Ni dai abin da kunnena ya ji shi ne abin da matan Bodinga ke faɗa a gidan biki, an ce da ni wahalalliya, an ce mijina ya kasa, kuma a gaban maƙwabta. Abu guda da na taɓa samu wanda ƙannena ba su fi ni ba, shi wannan tsohuwa ta zo ta murza a gefen mayafinta. Ni da ko kiran surukata ban taɓa ɗaga murya na amsa ba, sai na ji bakina yana cewa:

"Goggo, wanda yak kwashe shekarunai cikin baƙin ruwa ai ba ya son ganin hwari ga jikin kowa. In hassada ta, ku hwaɗi."

Surukata ta yi salati. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta miƙe tana neman takalminta. Har yau in na tuna maganar nan sai na ji kunya ta rufe ni, ko ni kaɗai ce a ɗaki.

Goggo ko gezau. Kamar da bango na yi. Ta kamo matar ƙanen maigidana, waccan mai cewa balarabiya, ta tsayar da ita kafaɗa da kafaɗa da ni. Hannu ɗaya ta ja fatar idonta, ɗaya hannun ta ja tawa.

"Ku taho ku diba. Kowa ta taho."

Suka matso ɗaya bayan ɗaya. Ni ban ga abin da suke gani ba, fuskokinsu kawai nake gani, kuma fuskokin ne suka fara ba ni tsoro. Surukata ta duba nan, ta duba can, ta sake dubawa, sai ta dafe ƙirji. Aka ɗauko min madubi. Cikin idon waccan ja ne, jawur da rai. Nawa kuwa kamar cikin ɓawon ƙwai. Na ja fatar sosai ko zan ga ja a can ƙasa, babu.

"Jini ya ƙare ga jikinta," in ji Goggo. "Kuma haihuwa da jini aka yin ta. Ina mijinta?"

Yana ƙofar gida shi da ƙannensa suna ɗinke bakin buhuna. Ta fita, muka bi ta a baya muka tsaya a zaure muna ji. Ta gaya masa a kai ni asibiti yau. Ya ce to Goggo, in sha Allahu, bari a kai albasar nan gobe, jibi sai mu tafi gaba ɗaya, dama an kusa kai ta gida. Ba mugunta ba ce, shi ma abin da kowa ke gani yake gani, mace ta yi ɓulɓul tana sheƙi. Goggo ba ta ja da shi ba. Ta tattara zanenta ta haye kan buhunan da aka jera, ta zauna daram, ta miƙe ƙafa.

"Albasa na jiran wata kasuwa. Ba ni sauka bisa buhun ga sai na ga mota ƙohwar gidan ga. In ko kasuwa kaka so, sai ka ɗauka da ni ka saisuwa."

Mutanen da ke wucewa suka fara tsayawa. Surukina ya fito daga masallaci ya tarar da ƙanwarsa a kan albasa, ya tambayi ba'asi, ya dubi ɗansa ya ce, "Ka ji abin da tac ce." Kafin azahar an samo mota.

Bodinga muka nufa, don can iyayena suke. Ni da maigidana da ƙannensa biyu da surukata, Goggo a gaba kusa da direba, ba wanda ya gayyace ta. Tsoro ya kama ni, amma fushin bai sake ni ba, har ina fata a je a ce lafiyata lau don in ga yadda za ta yi da fuskarta.

A asibiti ma'aikaciyar jinyar da ta fara karɓata ba ta tambaye ni komai ba sai da ta sa yatsa ta ja fatar idona, daidai yadda Goggo ta yi, ba bambanci sai safar hannu. Ta kira wata ta zo ta gani. Aka ɗebi jinina aka tafi gwaji, ni kaina na ga yadda ya fito a sirinji, tsararo kamar an sirka. Da sakamako ya fito likita ya ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai, ga zazzaɓin cizon sauro da ya daɗe yana cina a ɓoye, kuma kumburin da muke kira ƙiba ba ƙiba ba ce. Ya ce ba zan koma gida ba, sai an ƙara min jini. Ya tambaya wa ya ce a kawo ni. Aka nuna masa tsohuwa mai baƙin hannu a bakin ƙofa. Ya ce a yi mata godiya.

Sai kuma maganar wanda zai bayar. Aka gwada maigidana, nasa bai dace da nawa ba. Ƙannensa biyu, ƙarti majiya ƙarfi masu ɗaga buhun albasa da hannu ɗaya, suka fara kallon ƙasa. A wurinmu an yarda cewa jinin da aka ɗiba ba ya dawowa, kuma ga damina ta kama, wa zai yi noma da rabin jini? Ɗaya ya ce bai karya ba, ɗaya ya ce yana jin kamar mura. Surukata ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya, don ni ina kwance a ciki. Goggo ta ture su ta shiga ɗakin gwajin, ta naɗe hannun riga ta miƙa wa mai ɗibar jinin hannunta.

"Ɗibi nawa, ɗana. Mazan gidanmu na ajiyar nasu sai Sallah."

Mutumin ya yi dariya ya ce Goggo shekarunki sun wuce. Ta ce to ya ɗibi rabi. Kafin ta rufe baki ƙannen nan biyu sun shigo suna rige-rigen zama a kujera. Na ƙaramin ya dace. Yayana da ke tuƙa keke mai ƙafa uku a cikin gari ya iso, shi ma nasa ya dace.

Kwanana shida a gadon nan. A gefe ɗaya ledar ruwa, garai-garai, a ɗaya gefen ledar jini mai duhu, ina kwance a tsakani ina kallon yadda suke ɗiga. A nan na lura ba wanda zai ce ruwan nan ya koɗe, ko da yake ba shi da launi ko kaɗan, don haka Allah ya yi shi, bai rasa komai ba. Ni ce na rasa. Inna ta zauna a bakin gadon tana kuka, tana cewa ita da ta haife ni ta ga hoto ta ce ma sha Allah. Na ce Inna ki daina, ni da nake cikin jikin ma ai ma sha Allah na ce. Goggo kuwa tun washegari ta koma, ta ce ta bar zannuwan mutane a jiƙe.

Daga asibiti gidanmu na wuce. Na sha ƙwayoyin nan kamar ibada, na ci zogale da hanta da wake har na gaji da ganinsu. Sati-sati baƙina yana dawowa, ƙannena suna tsokanata wai an ƙwace aron da aka ba ni, ni kuwa ban taɓa murnar ganin fuskar Baba a madubi kamar lokacin ba. Da haihuwar ta zo, a asibiti na yi, kuma na zubar da jini ba kaɗan ba. Ungozomar da ta karɓe ni, wadda ta san zuwana na farko, ta gaya min a fili cewa da a yadda na zo ranar nan naƙuda ta same ni a ƙauye, da wuya in ga abin da na haifa. Namiji ne ma, ba macen da surukata ta yi alkawari ba.

Zaman jego zama ne na tunani, ba ka da aiki sai wanka da ci da shayarwa. Kalmar nan ta riƙa yi min yawo a ka, har na shiga tambayar daga ina ta fito. Baba, da yake malamin allo ne, ya ce iyakar saninsa ba Larabci ba ce, tamu ce ta gado. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ce su da tasu daban. Wani abokin aikina da ya zo barka ya ce wataƙila danginsu ɗaya da koɗa dutsen niƙa, tunda duka cin fuskar abu ne kaɗan-kaɗan, amma shi ma da ka ya faɗa. Ban samu tabbas ba har yau. Ni dai zatona, ko wane ne ya fara furta ta, mutum ne mai shanya kaya a rana yana kuma lura da su, irin Goggo.

Ana saura kwana uku in koma, surukata ta zo ganin jikanta. Muna ɗaki mu biyu na ce mata ina jin nauyin haɗa ido da Goggo. Ta ce akwai abin da ban sani ba, don ba a tayar da maganar a gidan. Goggo ta taɓa haihuwa, ɗiya ɗaya tak. Ta girma, aka yi mata aure, ta samu ciki, ta yi fari ta yi kyau, Goggo da kanta take zagawa da ita gida-gida tana nuna wa mutane. Ta rina mata zanen goyo. Ranar haihuwa jini ya ɓalle kaɗan, ba ma mai yawa ba, yarinyar ta tafi, abin cikinta ya bi ta. Sai a wurin wankan gawa Goggo ta ga cikin idonta, fari fat.

Wannan matar na kalla na ce wa mai hassada.

Ranar da na koma Horo Birni, ban shiga ɗakina ba. Na goya yaron da zanen da Goggo ta rina, na bi ta bayan rumbuna. Tana tsugune gaban ganga tana juya wani zane da sanda. Na yi sallama, na durƙusa har ƙasa. Duk jawabin da na tsara a mota ya gudu, sai kuka. Da ƙyar na ce, "Goggo, ku yahe mani maganar da niy yi maku. Ku kunka tsamo ni, ni da yaron ga. Ba ni da abin biyanku."

Ta jingine sandar, ta goge hannu a zane, ta kwance yaron daga bayana ta ɗora a cinya. Ta daɗe tana kallonsa. Shi kuma ya kama yatsanta mai rini ya nufi baki da shi, ta janye.

"Wace magana?"

"Wadda niy yi gaban mutane, ranar albasa."

"Wanda ba shi da jini ba a riƙe mai magana," in ji ta. "Tashi, ƙasa da sanyi, ke da jego."

Ban tashi ba. Na ce ni dai ina son in ji ta ce ta yafe. Ta ɗago ta dube ni, idanunta sun kaɗa, ban sani ba ko hayaƙin murhu ne.

"Na yahe, tunda kin rayu," ta ce. "Da kin mutu, 'yar birni, da ban yahe maki ba har abada."